A ba matasa makulli, a rage musu jawabi

A ƙarshen makon jiya na je bikin rufe wani taron horar da matasa shugabanci. Ɗan ƙanwata ne ya matsa mini sai na je, don yana cikin waɗanda za a ba takardar shaida bayan kwana uku suna zama. Na isa da wuri, na tarar da matasan suna jera kujeru, suna share dandamali, suna ɗaura wani ƙyalle da aka rubuta "Matasa Manyan Gobe" da manyan baƙaƙe. Da manyan baƙi suka iso, sai matasan suka koma can baya suka zauna, kowa sanye da riga iri ɗaya.

Mutum bakwai suka yi jawabi, na ƙirga. Shida daga cikinsu sun ba shekara 50 baya. Ta bakwai wata yarinya ce da aka kira ta yi magana a madadin mahalarta, kuma tun daga layi na biyu kowa ya gane ba ita ta rubuta takardar da ke hannunta ba, don akwai kalmar da ta gwada sau uku ta kasa furtawa. Aka tafa mata, aka ɗau hoto, aka raba takardu.

A hanyarmu ta komawa na ce da yaron, "To shugaba, me aka koya muku?"

Ya ce, "Kawu, an ce shugaba nagari yana da siffofi bakwai."

Na ce ya lissafo mini. Ya kawo uku, ya tsaya yana sosa ƙeya. Na tambaye shi ko a kwana ukun nan an taɓa barinsu sun yanke shawara a kan wani abu, ko da lokacin tashi hutu ne. Ya yi dariya ya ce, "Haba Kawu, mu da aka zo koya wa?"

Wannan amsa ita ta sa ni wannan rubutu. Ra'ayina shi ne, yawancin abin da muke kira shirin horar da matasa shugabanci ɓata lokaci ne mai tsada, kuma mu manya ne muke cin moriyarsa. Matashi yana koyon shugabanci ne ranar da aka damƙa masa wani aiki na gaske, wanda idan ya yi sakaci zai lalace kowa ya gani, aka kuma bar shi yana yin irin wannan aiki wata da watanni, da wani babba a gefe wanda ya iya riƙe bakinsa da hannunsa. Shirin da ba shi da waɗannan abubuwa uku, komai kyan rigar da aka raba, taro ne kawai.

Me ake nufi da dabarun rayuwa?

A shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta jera abubuwa goma da ta kira ginshiƙan dabarun rayuwa. A ciki akwai yanke shawara, warware matsala, tunani mai zurfi, iya isar da magana, zama da mutane, sanin kai, tausayi, da iya riƙe kai lokacin fushi ko damuwa. Jerin yana da kyau. Amma ka dube shi da kyau ka gaya mini wanne ne a ciki ake koyo da kunne.

Babu ko ɗaya. Dukkansu irin iyo ne da tuƙin keke. Ka tara yara a ɗaki ka yi musu bayanin yadda ake kaɗa ƙafa a ruwa har rana ta faɗi, gobe ka kai su kogi, duk sai an tsamo su. Haka haƙuri yake. Yaro ba ya koyonsa sai ranar da abokinsa ya ƙi zuwa aikin da suka yi alkawari, ransa ya ɓaci, kuma dole gobe su sake haɗuwa su ƙarasa aikin.

Akwai wani shiri a makarantun birnin Chicago na Amurka mai suna Becoming a Man, na samarin unguwannin da tashin hankali ya yi wa katutu. Cikin darussansa na farko akwai wani ɗan wasa. Ana haɗa yara biyu, a ba ɗaya ƙaramar ƙwallo ya dunƙule a hannu, a ce wa ɗayan yana da daƙiƙa 30 ya karɓe ta. Kusan kowane yaro kokawa yake farawa, yana murɗe hannun ɗan'uwansa. Bayan an gama sai mai koyarwa ya tambaya, me ya hana ka ce masa ya ba ka? Sai a juya ga mai riƙe da ƙwallon a ce da an roƙe ka fa? Galibi sai ya ce ai da na ba shi, ƙwallo ce kawai.

Yaron da ya yi wannan kokawa da hannunsa, ya kuma ji wannan amsa daga bakin sa'ansa, ya fahimci abin da lacca goma a kan illar gaggawa ba za ta fahimtar da shi ba. Masu binciken da suka auna shirin sun samu kamun da 'yan sanda ke yi wa mahalartansa kan laifukan tashin hankali ya ragu da kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari a lokacin da shirin ke gudana. Ka riƙe wannan "a lokacin da shirin ke gudana", zan dawo kansa.

Tsanin da muka maƙale a gindinsa

A 1992 wani masani mai suna Roger Hart ya zana wani tsani mai matakai takwas, asusun UNICEF ya wallafa, don auna yadda ake sa yara da matasa cikin al'amura. Matakai uku na ƙasa ya ce ba shiga ba ce ko kaɗan. Na farko shi ne a yi amfani da yara a cim ma wata manufa da ba su ma fahimta ba. Na biyu shi ne a yi ado da su, a sa musu riguna su yi waƙa su cika hoto. Na uku shi ne a ba su bakin magana na je-ka-na-yi-ka, wato a ɗora ɗaya a kan dandamali alhali ba shi ya zaɓi abin da zai faɗa ba, ba kuma 'yan'uwansa suka zaɓe shi ba. A can ƙololuwa kuwa akwai aikin da matasa suka ƙirƙiro da kansu, suka jawo manya ana yanke shawara tare.

Ina zaune a wurin bikin nan ina kallon matakai ukun nan a jere, kamar don su aka shirya taron. Kuma fa tun 1989 Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a sashe na 12, ta ce yaro yana da haƙƙin faɗin ra'ayinsa a kan abin da ya shafe shi, a kuma ba ra'ayin nauyi daidai da shekarunsa da hankalinsa. Kusan duk ƙasashen duniya sun rattaba hannu. Hannun dai aka rattaba.

Ranar da na kama bakina

Ina taimakawa a wata 'yar ƙungiyar matasa da ke haɗuwa sau biyu a mako, ana ƙwallo, manyan cikinsu kuma suna yi wa ƙanana bitar karatu. Shekara biyu ni ke riƙe da makullin ɗakin ajiya, ni ke riƙe da littafin kuɗi, ni ke rubuta wasiƙa in za a ari fili. Ina ta ƙorafi a raina cewa yaran nan ba su damu ba. Ban lura cewa ban bar musu abin da za su damu da shi ba.

Wata rana suka ce suna son shirya gasa da wasu ƙungiyoyi uku. Na ce to, amma ku za ku yi komai. Suka zaɓi wani yaro ɗan shekara 16 ya jagoranta, wata yarinya ta riƙe kuɗin da suka tara a tsakaninsu. Saura kwana huɗu na gane ba wanda ya je neman izinin filin da za a buga wasan. Kowa ya ɗauka wani ya je.

Abin da zuciyata ta raya mini shi ne in ɗaga waya, minti biyar na gama. Na daure. Da yamma na ce da yaron, "Cikin jerin ayyukanka akwai wanda ba a rubuta sunan kowa a gabansa ba?" Ya duba takardarsa ya ce, "Babu, Malam, komai ya kammala." Na ce to madalla.

Ranar gasa suka isa da ƙwallaye da raga suka tarar wasu sun riga su, da takardar izininsu a hannu. Baƙi sun iso. Na ga idon yaron ya kaɗa ya yi ja, ya waiwayo yana nemana. Na tsaya inda nake. Ya ɗan jima a tsaye, sannan ya tafi wurin babban waɗancan mutanen, ya gaishe shi, ya yi masa bayani. Ban ji me suka ce ba. Na dai ga sun daidaita a kan cewa waɗancan za su gama nasu cikin awa biyu su ba da fili. Ya dawo ya tsaya gaban ƙungiyoyi uku ya ba su haƙuri da bakinsa, ya ce laifinsa ne. Ƙungiya ɗaya ta yi fushi ta tafi. Aka yi gasar da ragowar.

Mako na gaba, ba wanda ya sa shi, ya zo da sabuwar takarda mai layi uku: aiki, mai yi, ranar gamawa. Har yau da ita suke aiki. Ita kuwa mai riƙe da kuɗi, lissafinta ya ƙi daidaita da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ta kwana biyu tana bin kowa da tambaya har ta gano kuɗin ruwan sha ne aka kashe ba a rubuta ba. Daga ranar ta kafa doka, ba ta sakin ko sisi sai an sa hannu. Ni kaina sai da na sa.

Na san akwai masu cewa abin da na yi mugunta ce. Bari mu bi ƙorafe-ƙorafen ɗaya bayan ɗaya, don wasu suna da ƙarfi.

"Yara ne, za su ɓata"

Za su ɓata, tabbas. Ɓatawar ma tana cikin darasin. Hausawa sun ce yaro bai san wuta ba sai ya taka, aikin babba shi ne ya tabbatar wutar da za a taka ɗin 'yar ƙarama ce, mai ƙona tafin ƙafa ta bar yaro da ransa. Gasar da ta makara awa biyu irin wannan wuta ce. Kuɗin da bai fi ƙarfin aljihun ƙungiya ba irin wannan wuta ce. Amma duk abin da ya shafi rai da lafiya, kamar tafiya mai nisa, shiga ruwa, ko barin yara su kaɗai da baƙon babba, wannan ba wurin gwaji ba ne, babba ya sa baki tun kafin a tambaye shi. Da a ce abin da yaron nan ya manta akwatin magani ne, da ban yi shiru ba.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A watan Agustan 1907 Robert Baden-Powell ya kwashi yara maza kusan 20 ya kai su tsibirin Brownsea a kudancin Ingila suka yi zango na mako guda. Ya raba su rukuni huɗu, kowane rukuni ya ɗora yaro ɗaya a kai, ya ce shi ke da alhakin 'yan rukuninsa dare da rana. Daga wannan zango ƙungiyar 'yan Sikawut ta samo asali, wadda yau take da mambobi sama da miliyan 50 a duniya. Mutane suna ganin kaki da ɗaurin wuya su ɗauka su ne sirrin. Sirrin yana cikin wannan ƙaramin rukuni da yaro ke jagorantar sa'o'insa.

Kurt Hahn, Bajamushen malamin da ya kafa makarantar Gordonstoun a Scotland a 1934, ya ma wuce nan. Ɗalibansa suna gadin gaɓar teku don hango jiragen da suka shiga hatsari, makarantar kuma tana da rundunar kashe gobara ta ɗalibai da ke fita aiki na gaske. Fahimtarsa ita ce matashi yana canzawa ne idan ya ga ana buƙatarsa da gaske.

Mu kuwa mun fi son karin maganar da ke cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ce. Sai dai babban ma ba da hangen aka haife shi ba, wani ne ya taɓa barinsa ya yi kuskure.

"Wannan aikin iyaye ne da makaranta"

Tarbiyya a gida take farawa, ba mai musun wannan. Amma akwai abin da gida ba zai iya bayarwa ba. A gida matsayin yaro a yanke yake tun ranar da aka haife shi, ko wa ne ko ƙane, kuma in ya ba da umarni ana bi ne don ya girmi wanda ya ba, in ya bi kuma don an girme shi ne. A makaranta malami ke da tambaya, shi ke da amsa, shi ke da maki. Ko shugaban ɗalibai ma galibi ɗan saƙon hukumar makaranta ne da aka ba bulala.

Ƙungiyar unguwa ce kaɗai wurin da yaro zai jagoranci mutanen da suke da ikon ce masa a'a su yi tafiyarsu. Ba ya biyansu, ba zai iya korarsu ba, ba zai kai ƙararsu ko'ina ba. Dole ya koyi lallashi, ya koyi sauraro, ya koyi raba aiki yadda ba wanda zai ce an cuce shi. Wanda ya iya riƙe mutum goma a haka, riƙe ma'aikatan da ake biya albashi ba zai ba shi wuya ba.

"Ko yaya shiri yake, ya fi babu"

Wannan ne ƙorafin da na fi tsoro, don da kyakkyawar niyya ake faɗinsa, kuma ba gaskiya ba ne.

A 1939 aka fara wani shiri a garuruwan Cambridge da Somerville na jihar Massachusetts a Amurka. Aka ɗauki yara maza, aka haɗa su bibbiyu masu kama da juna a hali da gida, aka jefa ƙuri'a, ɗaya ya shiga shirin ɗaya aka bar shi. Waɗanda suka shiga an ba su mai ba da shawara da ke ziyartarsu, an taimaka musu da karatu da magani, an kai wasu zangon hutu, har tsawon kusan shekara biyar. Bayan shekara 30 wata masaniya, Joan McCord, ta bi sawun mutum 253 da suka shiga da takwarorinsu 253, ta fitar da sakamako a 1978. Waɗanda aka taimaka ɗin sun fi takwarorinsu maimaita laifi, sun fi su shaye-shayen giya da taɓin hankali, sun kuma fi su mutuwa da wuri. Abin da ya fi ɗaure kai, kusan biyu cikin uku na waɗanda suka ba da amsa sun ce shirin ya amfane su.

Ka tsaya a kan wannan na ƙarshe. Duk taron da na taɓa zuwa, hujjar nasararsa ita ce takardar da ake raba wa mahalarta a ƙarshe su rubuta ko sun ji daɗi. Kowa yana jin daɗi. Jin daɗi bai nuna komai ba.

Masana sun yi ta muhawara a kan dalilin wannan sakamako. Ɗaya daga cikin abin da aka lura shi ne, yaran da aka kai zangon hutu fiye da sau ɗaya su suka fi lalacewa, abin da ya sa ake zargin cewa tara yara masu matsala wuri ɗaya yana sa su koya wa juna abin da aka tara su don a raba su da shi. Zama da maɗaukin kanwa ke nan. Don haka duk mai shirin tara "yaran da suka gagara" su kaɗai a ɗaki ɗaya, ya sake tunani, ya gauraya su da sauran yara, ya kuma ba su aikin yi.

Akwai kuma batun tsawon lokaci. A 1995 aka auna shirin Big Brothers Big Sisters na Amurka, wanda ke haɗa yaro da wani babba mai sa kai su riƙa haɗuwa a kai a kai. Cikin yara 959 da aka bi tsawon wata 18, waɗanda aka haɗa da babba sun fi sauran kauce wa fara shan ƙwaya da kashi 46 cikin ɗari. Amma da aka sake tantance bayanan daga baya, sai aka ga amfanin ya fi yawa ga waɗanda alaƙarsu ta kai shekara ko fiye, waɗanda kuwa aka yasar kafin wata uku sun fito da ƙarancin ganin darajar kansu fiye da yadda suka shiga. Yaron da uba ya riga ya tafi ya bari, ka zo ka ce kai yayansa ne, bayan sati shida ka daina ɗaga waya. Me ka koya masa?

Ko shirin Chicago da na yaba a sama, raguwar kamun ta dusashe bayan yaran sun bar shirin, duk da cewa a binciken farko an ga ƙaruwar masu kammala sakandare. Idan shiri mai tsari irin wannan, na shekara guda ko biyu, tasirinsa yana raguwa in an tsaya, ina ga taron kwana uku a ɗakin otal?

"Matasa sana'a suke nema, ba wasa ba"

A nan na yarda da rabin maganar. Matashin da ba shi da abin yi, ka ce masa ya zo ya koyi sanin kai, zai dube ka ne kawai. Ciki da yunwa ba ya jin huɗuba. Amma duk wanda ya taɓa koyar da sana'a ya san abin da ke kayar da almajiri ba hannu ba ne. Yana iya ɗinki, bai iya cika alkawarin rana ba. Yana iya gyaran waya, bai iya haƙuri da mai kaya in ya ɗaga murya ba. Yana samun ciniki, bai iya raba uwar kuɗi da riba ba. An sha raba kekunan ɗinki bayan horon wata guda, a dawo bayan shekara a tarar an sayar.

Haɗa su ake yi. A Yuganda wata ƙungiyar agaji mai suna BRAC ta buɗe kulob-kulob na 'yan mata masu shekara 14 zuwa 20 a cikin unguwanninsu, ana koya musu sana'a tare da dabarun rayuwa, kuma mai jagorantar kowane kulob wata budurwa ce 'yar unguwar da ta ɗan girme su kaɗan. Bayan shekara huɗu masu bincike suka samu yawan masu sana'ar samun kuɗi ya ƙaru da kusan rabi, ɗaukar ciki a ƙuruciya kuma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Abin da ya fi jan hankalina shi ne wannan jagorar. Ba a ɗauko ƙwararre daga babban birni ba. Yarinya ce da suke gani kullum, wadda ƙanwa za ta kalla ta ce ni ma zan iya.

"Ba kuɗi"

Ba zan yi ƙaryar cewa kyauta ake yi ba. Irin wannan shiri na 'yan mata da aka gwada a Tanzaniya da ƙarancin kayan aiki bai haifar da sakamakon Yuganda ba. Ƙasar Iceland ma da ake yawan misali da ita, inda yawan 'yan shekara 15 da 16 da suka bugu da giya cikin wata guda ya faɗo daga kashi 42 cikin ɗari a 1998 zuwa kashi 5 a 2016, kuɗi ta zuba a wasanni da kiɗa da sauran ayyukan bayan makaranta, ta jawo iyaye ciki, ta kuma yi shekaru kusan 20 ba ta saki ba.

Tambayata ita ce ina kuɗin da ake da shi yake tafiya. Abin da aka kashe a bikin da na je, na hayar ɗaki da riguna da ƙyalle da mai ɗaukar hoto da sallamar manyan baƙi, zai riƙe ƙungiya irin tamu shekara guda har da canji. Amma ƙungiyar da ke haɗuwa kowace Talata da Asabar ba ta da hoton da za a sa a rahoto. Mai ba da tallafi yana son ya ji an horar da matasa 500. Ba ya son ya ji yara 25 sun yi shekara suna rigima a kan wa zai wanke riguna, ko da yake a wurin rigimar nan ake koyon abin da ya ce yana so a koya.

Abin da ba mu cika faɗa ba

Akwai dalilin da ya sa muka fi son jawabi, kuma ba ƙarancin kuɗi ba ne. Jawabi yana barin makulli a aljihunmu. Sau nawa ka ga "shugaban matasa" da furfura, 'ya'yansa sun isa shiga ƙungiyar da yake shugabanta? Majalisar Ɗinkin Duniya tana ƙirga matashi daga shekara 15 zuwa 24. Ko an ja ta an kai 35 kamar yadda Tarayyar Afirka ta yi, mutumin nan ya daɗe da fita. Yana nan dai yana cewa yaran ba su kai ba tukuna. Kalmar "manyan gobe" tana da daɗi a bakin irinsa, don gobe ba ta taɓa wayewa.

Ni ma ban tsira ba. Da na miƙa littafin kuɗin nan sai da na ji wani abu ya tsaya mini a wuya, kamar an rage mini girma. Shekara biyu ina cewa na gaji, ashe ina jin daɗin a ce ba abin da ke tafiya sai da ni.

Wani kuskuren kuma da muke yi ko bayan mun miƙa makullin shi ne mu miƙa wa yaron da ya riga ya iya. Kowace ƙungiya tana da shi, mai baki, mai fara'a, wanda manya ke so. Shi ne kullum mai jawabin godiya, shi ake turawa kowane taro, takardun shaidarsa sun cika jaka. Mai shiru-shirun da ke zama a baya, da yarinyar da ba ta ɗaga hannu, da mai in'ina, da wanda ya bar makaranta, su ne suka fi buƙatar a ɗora musu wani abu, su ne kuma ba a taɓa ɗora wa. Shi ya sa yanzu a wurinmu kowane muƙami wata uku ne, a juya. Ana samun wata ukun da abubuwa ke tafiyar hawainiya, ana samun wanda ke ba kowa mamaki. Wanda ya fi kowa iya sasanta rigima a cikinsu yanzu, yaro ne da na yi shekara ban san muryarsa ba.

Ɗan ƙanwata ya kai takardarsa an sa mata gilashi, uwarsa ta rataye a falo. Ban ce komai ba, kyau ta yi. Na dai ce masa ranar Asabar ya biyo ni, akwai yara tara 'yan aji uku da ba su iya karatu ba, mai yi musu bita ya yi tafiya.

Ya ce, "Kawu, ni kaɗai? In suka ƙi jin magana fa?"

Na ce za su ƙi. Ƙarfe huɗu ake farawa, makullin yana wurin mai riƙe da kuɗi, kuma sai ya sa hannu za ta ba shi.